Wa Ya Bar Ƙofa A Buɗe?

Babanmu ya ƙare ƙuruciyarsa yana koya wa mutane tuƙi, kuma duk wanda ya taɓa zama gefensa a motar nan mai birki biyu zai gaya maka ba birkin ke tsayar da ita ba, muryarsa ce. In ya ce "Taka!" ko gyangyaɗi kake yi ƙafarka za ta taka. A gida ma haka muka tashi muka same shi. Ba ya shigowa sai ya tsaya a tsakiyar falo ya ce, "Wa ya bar ƙofa a buɗe?" Mama kuma daga kicin, ko juyowa ba ta yi, sai ta ce, "Mai tambayar!" Kuma kullum shi ɗin ne. Mun ji wannan tambaya da amsarta har kunnenmu ya daina ɗaukarsu.

Ranar da likita ya ce ciwon da ke maƙogwaronsa sai an yi aiki an cire wurin da murya ke fita gaba ɗaya, ni da nake ma'aikaciyar jinya, wadda ta sha riƙe hannun mutane ana gaya musu abin da ya fi wannan, sai ga ni a bayan ofishin likita ina kuka wiwi. Ƙanena, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, wanda muke kira Yanzu-Yanzu don ba a taɓa ba shi aiki bai ce "yanzu-yanzu" ba, ya shiga buga wa abokansa waya yana neman wani likitan. Auta kuwa, washegari ta zo gida da makirufo a jaka.

Auta aikinta rubuta manhajar kwamfuta. Ni mai zafin kai ce, ba na musu. Ita kuwa ko gida ke cin wuta sai ta tsaya ta tambayi daga wane ɗaki wutar ta fara. Mun sha faɗa a kan wannan hali nata, ko in ce na sha faɗa, don ita ba ta ramawa. Ta rataye barguna a tagogin ƙaramin ɗaki, ta zaunar da Baba gaban makirufo, ta yi ta ba shi jimloli yana karantawa har gab da ranar aikin. Yana karatu yana mita, wai wannan ya fi koya wa tsoho ribas wahala. In ta ɗan fita sai ya cusa nasa maganganun a ciki, ita kuma ba ta goge ko ɗaya ba.

Bayan aikin Baba ya dawo gida ba murya, ya zauna gaban talabijin a kashe, abinci sai an yi da gaske. Sai ga Auta da kwamfutar hannu, mai faɗin littafi. Ta ce ya rubuta duk abin da yake so ya danna koren maɓalli. Ya rubuta, ya danna, sai muka ji Babanmu ya ce a ba shi shayi. Muryar ta ɗan yi nauyi, tana ɗan ja, kamar ta wanda ya tashi daga barci, amma wa zai tsaya ƙorafi? Muka ce ai na'ura ce, kuma ai mutumin ya sha jinya. Muka sa wa abin suna Bakin Baba. Mama ta dafa kan Auta ta ce, "Allah ya yi miki albarka," ta koma kicin.

Shekara biyu Bakin Baba na aiki. Da shi yake musun ƙwallo a shagon aski, da shi yake yi wa masu tuƙi a talabijin faɗa. Abu ɗaya ne ya dame ni a lokacin: in ya kira Mama daga falo ba ta amsawa, sai ɗayanmu ya leƙa ya ce, "Mama, Baba na kira." Na ce shekaru ne suka fara taɓa kunnen, har na yi ta binta da maganar a je a auna, tana ce mini sai ta samu lokaci.

Wata ranar aski ce abin ya faru. Mai askin da kansa ya kira ni, muryarsa duk a sanyaye. Ya ce shago cike yake, ana musu, Baba ya ɗaga hannu kowa ya yi shiru kamar yadda aka saba, ya rubuta amsarsa ya danna. Sai wata 'yar siririyar murya ta fito a guje, tsi-tsi-tsi, kamar an taka wutsiyar ɓera. Shago ya fashe da dariya. Baba ya sake dannawa, ta sake fitowa. Har wani ya faɗo daga benci.

"Wallahi, 'yata, ba da mugunta aka yi ba," in ji mai askin. "Shi ma ya yi murmushi. Amma ya tashi da rabin aski ya tafi."

Na iske Bakin Baba a saman firji, an kife shi. Baba na zaune gaban talabijin a kashe, gefen kansa ɗaya a aske, ɗaya da gashi. In yana son abu sai ya buga cokali a kan tebur ya nuna da yatsa. Na san wannan zaman, na kuma san wuyar da muka sha kafin mu fito da shi daga cikinsa.

Auta ta zo daga ofis ko takalmi ba ta cire ba. Ta sauko da abin, ta danna sau ɗaya, ta ji, ta rufe ido. Sannan ta ture kwanuka gefe ta buɗe kwamfutarta a teburin cin abinci.

"Me kika yi masa?" na ce.

"Sabuntawa na yi, Yaya."

"Abu na aiki lafiya lau, wa ya aike ki?"

"Masu kwamfutar hannun ne suka sabunta tsarinta, tsohuwar manhajar ta kusa daina buɗewa a kai. Kin ga, ba ni na rubuta komai da komai ba, babu mai yin haka. Akwai guntayen manhaja da wasu mutane suka rubuta suka ajiye kowa ya ɗauka, mu muna ce musu laburare. Wani aikinsa ya karanta rubutu, wani ya mai da shi sauti, wani ya kai sautin lasifika. Ni na haɗa su na sa muryar Baba a tsakiya. To na sabunta su duka a tashi ɗaya, na ga babu jan rubutu a allo, na tura masa. Ban saurara ba. Laifina ne."

Na so in ci gaba da faɗa, amma wanda ya riga ka cewa laifinsa ne ya ƙwace maka sanda. Na ce to ta mayar da tsofaffin mana. Ta ce a kwamfutarta za su zauna, amma a ta Baba hanyar komawa baya ta toshe. Dole sababbin su yi aiki, kuma dole ta gano wanne ne a cikinsu ya ɓata lamarin.

Yadda ta bi abin, ko a asibiti ban ga mai bin ciwo haka ba. Ta mayar da komai tsoho a kwamfutarta, ta zaɓi jimla ɗaya da za ta riƙa gwaji da ita, ta danna. "Wa ya bar ƙofa a buɗe?" in ji Baba, da muryar nan mai nauyi da muka saba. Ta raba laburaren gida biyu, ta sabunta rabi ta bar rabi, ta danna. Lafiya lau. Ta mayar da su, ta sabunta ɗaya rabin, ta danna. Shi ma lafiya lau. Ta sabunta duka, sai ga ɓeran ya dawo.

"To ai babu mai laifi ke nan," na ce.

"Akwai. Amma ba ɗaya ba ne. Ɗaya a wannan rabin, ɗaya a wancan, sai sun haɗu suke yi."

Nan na gane, don mu ma muna da irinsu. Akwai ƙwayar da in ka sha ita kaɗai ba komai, waccan ma ita kaɗai ba komai, amma ka haɗa su a ciki ɗaya sai an ɗauko ka ranga-ranga. Na ja kujera na zauna kusa da ita.

Daga ranar, kullum ta taso daga aiki nan take yada zango. Ba ta taɓa canza abu biyu a lokaci guda. Ta canza ɗaya, ta jira kwamfuta ta gama haɗawa, ta danna, ta saurara, ta koma. Jiran ma kaɗai ya isa ya sa ni hawan jini. Gidanmu ya koma gidan tambaya ɗaya: "Wa ya bar ƙofa a buɗe?" da muryar Baba, "Wa ya bar ƙofa a buɗe?" da muryar ɓera. Matar da ke gidan kusa da mu har ta leƙo ta ce in ƙofar ce ta gagara a kira kafinta mana. Mama na kicin tana harkokinta, tambayar na wuce ta kamar iska. Baba kuwa ya daina fitowa falo in ana gwajin. Na ɗauko almakashi in daidaita masa gashin, ya kau da kai.

Ran Asabar Yanzu-Yanzu ya zo da jakar kayan aikinsa a kafaɗa, ya tsaya a kan Auta ya saurari ɓeran sau biyu.

"Ke wai duk wannan wahalar ta mece ce? Murya ta yi gudu, ko ba haka ba? To rage mata gudu. Raba shi biyu ki gani, yanzu-yanzu."

Auta ba ta yi musu ba. Ta rubuta layi ɗaya, ta danna. Sai ga muryar Baba ta dawo, irin wadda muka saba, ba ragi ba ƙari. Na buga guɗa ban sani ba. Yanzu-Yanzu ya shiga zagaye tebur yana buga ƙirji, wai ba girin-girin ba, ta yi mai, kuma daga yau a riƙa ce masa injiniya. Aka zuba gyaran a Bakin Baba, muka ɗunguma zuwa ɗakinsa.

Baba ya saurara har ƙarshe. Bai miƙa hannu ba. Ya jawo kwalin maganinsa, ya juya bayansa, ya rubuta kalma biyu da biro, ya nuna wa Auta, ba mu ba.

Zai sake?

Na zuba mata ido ina roƙonta a zuci ta ce a'a. Kalma ɗaya ce, ba ta da nauyi. Yanzu-Yanzu har yana taka mata ƙafa.

"Ban sani ba, Baba," in ji Auta. "Ya yi aiki, amma ban san dalilin da ya sa ya yi ba."

Baba ya gyaɗa kai, ya ajiye biron, ya juya fuskarsa bango.

A baranda na tare ta, kuma ban rage mata komai ba. Na ce ubanmu na narkewa a ɗaki ita tana nan tana neman dalili. Na ce a asibiti in majiyyaci ya tambaye ka ko zai warke ba lacca ake yi masa ba. Na ce taurin kai ne da son a ce ta iya. Ta bar ni na gama tas.

"Yaya, mutumin nan shekara nawa yana gaya wa ɗalibansa kada su hau titi da birkin da ba su yarda da shi ba? In na ce masa ba zai sake ba, zai yarda da ni, ya koma shagon nan. In aka sake sabuntawa ya sake yi masa haka a gaban mutane, ba na'urar kaɗai zai kife ba. Ki bar ni in gano. Ni ma ba barci nake yi ba."

Na shiga kicin na haɗo mata shayi na dire a gabanta da ƙarfi, don kada ta ɗauka na sauko.

Ta koma kan raba-rabanta. Ta bar rabi ɗaya a sabunce, ta yi ta tsaga ɗayan har ya rage guda. Ta juya ta yi wa wancan rabin haka. Da la'asar ɗin Lahadi ta kira ni ta nuna mini sunaye biyu a allo: laburaren da ke ƙera muryar, da wanda ke kai ta lasifika. Kowanne in ya sabunta shi kaɗai, lafiya. In suka sabunta tare, ɓera.

"Shi ke nan, an kama ɓarayi," na ce.

"Ba su ne ɓarayin ba. Na karanta abin da aka canza a cikinsu, babu wanda ya taɓa gudun sauti." Ta kafe allon da ido. "Ruwa ba ya tsami banza. Akwai abin da ke shigowa in sun haɗu."

Sai ta sa kwamfutar ta jero mata duk abin da ke sauka a kowane gwaji, har waɗanda ba ita ta gayyato ba. Ta ajiye jerin mai lafiya gefen jerin marar lafiya, ta bi su da yatsa a hankali kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Can sai yatsan ya tsaya.

"Ga ɗan rakiya," ta ce.

Wani ɗan ƙaramin laburare ne da ba ta taɓa sanin yana cikin manhajarta ba. Waɗancan biyun ne ke jawo shi, shi ke karɓar sauti daga hannun wannan ya miƙa wa wancan. Muddin ɗayansu tsoho ne, yana riƙe da tsohon ɗan rakiyar. In duka biyun suka sabunta sai su sake shi, sabo ya shigo ba sallama. Ta bi cikinsa layi-layi, ni kuma ina gefe ina kallon rubutun da ban san kansa ba balle gindinsa. Ta yi mini bayani: kwamfuta yanka sauti take yi ƙanana-ƙanana, dubbai a daƙiƙa ɗaya, kuma dole a gaya wa lasifika guda nawa zai furta a kowace daƙiƙa. Laburaren murya bai taɓa faɗin adadinsa ba. Ɗan rakiyar ne ke cika gurbin da ka. Tsohon yana cewa dubu ashirin da biyu, sabon ya koma cewa dubu arba'in da huɗu. Shi ya sa muryar ta ninka gudu, shi ya sa kuma raba biyun Yanzu-Yanzu ya faɗa daidai kan tsohon adadi.

"Ka ji!" in ji Yanzu-Yanzu daga kan kujera. "Ashe dai ni ne da gaskiya."

"Kai ka dawo da cankar tsohon ɗan rakiya, kuma ka kyauta," in ji Auta. "Saura mu ji ko shi ma ya canka daidai."

Wannan tambayar ba za ta taɓa zuwa kaina ba, ko shekara zan yi a gaban allon. Ta shiga cikin laburaren muryar ta tono ainihin adadin da yake aiki da shi. Na ga ta daina motsi. Ta sa abin ji a kunne, ta buɗe wani tsohon fayil, ɗaukar da ta yi wa Baba a ɗakin barguna, wadda babu wanda zuciyarsa ta taɓa ba shi ya saurara tun bayan aikin. Ta jera zanen sautin biyu a allo, na asali a sama, na na'ura a ƙasa. Ko ni na ga na ƙasan ya ɗan fi tsawo.

"Dubu ashirin da huɗu ne," ta ce a hankali. "Ba ashirin da biyu ba. Yaya, tun ranar farko ba daidai yake ba."

Ta rubuta adadin da hannunta inda babu ɗan rakiyar da zai sake canka, ta cire abin jin, ta ƙara sautin lasifika, ta danna.

"Wa ya bar ƙofa a buɗe?"

Muryar ta fito da kaifi, da ɗan sauri, ba nauyin nan da muka saba. Yanzu-Yanzu ya yatsina fuska ya ce har yanzu da saura, a ƙara rage mata. Ni ma na buɗe baki zan ce haka.

"Mai tambayar!"

Daga kicin ne. Amsar ta fito da ƙarfi, da 'yar tsiwar nan ta da, irin ta wadda hannunta ke cikin ruwan wanke-wanke ba ta ko juyo ba. Sai ƙarar murfin tukunya da ya faɗi ƙasa yana juyi.

Mama ta fito hannunta na ɗigar ruwa. Ba mu ta kalla ba, bakin ƙofar falo ta kalla, inda Baba ya saba tsayawa. Da ta ga ba kowa sai ta dafa bango.

"Sake," ta ce wa Auta.

Auta ta sake dannawa. Mama ta zauna a hannun kujera ta rufe baki da gefen mayafinta.

"Shi ne," ta ce. "Wannan shi ne."

"Mama, da wancan fa?" na ce.

"Wancan ya yi kama da shi. Kamar wansa ne, ko shi ɗin in yana mura. In ina kallon fuskarsa sai in haɗa su. In ina kicin kuwa, ji nake wani baƙo ne ke magana a falo."

Auta ta tashi ta durƙusa a gabanta. "Shekara biyu, Mama? Me ya sa ba ki gaya mini ba? Da tuni na gyara."

"'Yata ta hana idonta barci ta dawo mini da maganar mijina, in buɗe baki in ce mata bai cika ba? Ai ban iya wannan rashin godiyar ba."

Ni dai kunya ta rufe ni, na tuna yawan bin ta da na yi da takardar awon kunne. Na kalli Auta, yarinyar da na goya, wadda na gama wanke wa kai a baranda, na ji girmanta ya cika mini ido. Da ta bi tawa, da mun koma wa baƙon nan har abada muna murna.

Ba mu ji fitowar Baba ba. Yana tsaye a ƙofar ɗakinsa da rabin askinsa, kwalin maganin a hannu. Ya tako har tebur, ya ajiye kwalin gaban Auta, ya sa yatsa a kan kalmomin nan biyu.

Auta ta share ido ta miƙe tsaye. "Baba, na rubuta adadin da kaina, babu mai sake canka. Na ɗaure kowane laburare a inda yake, har ɗan rakiyar, babu mai motsawa sai na sani. Kuma zan sa mai gadi: duk ranar da za a sabunta wani abu, sai manhajar ta faɗi jimlar nan an auna tsawonta da na ainihin muryarka. In ya kauce ko kaɗan, sabuntawar ba za ta iso hannunka ba. Ba zan ce maka babu abin da zai taɓa lalacewa a duniya ba. Amma wannan, ba zai sake ba."

Ya daɗe yana kallonta, irin kallon da yake yi wa ɗalibi kafin ya miƙa masa makulli. Sannan ya ja kujera ya zauna, ya naɗe hannu yana jira. Muka jira tare da shi har ta gama rubuta mai gadin, ta gwada shi da adadin ƙarya ya ƙi wucewa, ta gwada da na gaskiya ya wuce, ta zuba komai a Bakin Baba. Yanzu-Yanzu ma bai ce a yi sauri ba.

Baba ya ɗauka. Ya goge allon da hannun rigarsa, ya yi rubutu da yatsa ɗaya, ya juya wajen Mama ya danna.

"Maman yara, ashe kunnenki lafiya lau."

"Da ma lafiyarsa lau," in ji Mama, tana dariya hawaye na zuba. "Kai ne ba ka kira ba."

Ya sake sunkuyawa ya yi rubutu. "Auta, ci abinci. Kin rame." Ya ƙara wani. "Injiniya, ka yi ƙoƙari." Ni kuma da ya juyo kaina sai ya ce, "Ke kuma rage faɗa," falo ya ɗauki dariya, har da ni.

Daga nan ya shiga ɗaki ya fito da hularsa, ya kifa ta a kan rabin askin, ya saƙale Bakin Baba a hammata. Na ce ya bari in raka shi, ya ɗaga mini hannu. Muna jin takunsa a matakala, da sauri-sauri, ya nufi shagon aski. Iska ta shigo ta ɗaga labulen falo. Ya bar ƙofar a buɗe, kuma babu wanda ya tashi ya rufe.